Jirgin da Ba Shi da Lamba

Ranar Lahadi, biyu ga watan Maris, Darlene Hrabak ta dawo daga coci, ko takalmin fita ba ta cire ba ta ji kukan tumakinta. Shekara talatin da ɗaya tana kiwo a wannan gona ta yammacin jihar Pennsylvania a Amurka, tara daga ciki ita kaɗai tun rasuwar mijinta Stan. Ta san kukan yunwa, ta san na naƙuda. Wannan irin kukan sai dai in kare ya shigo garke.

Ta fizgi sandar da ke bayan ƙofa ta zagaya da gudu. Ba kare ba ne. Wani ɗan baƙin jirgi ne mai farfela huɗu, bai wuce faranti girma ba, yana kuka kamar sauron da ya ƙoshi. Ya sauko har yana kusa da taɓa bayan tumakin, ya kora su zuwa gangare, ya yi sama, ya juyo ya sake tare su ta gaba. Tumaki arba'in da shida, kusan dukansu da tsohon ciki, suna gudu cikin taɓon da ƙanƙara ta narke ta bari. Suka taru a kusurwar shinge suna hawa kan juna.

"Kai! Kai, la'ananne!" Darlene ta yi ihu tana wurga sandar sama kamar zai ji ta.

Jirgin ya tsaya cak a iska yana fuskantarta. Sai ya wuntsila sau ɗaya, ya tsallake rafi, ya ɓace bayan itatuwan da ke tsallake.

Biyu ta tarar a mace a ƙarƙashin 'yan'uwansu. Ta uku wayar shinge ta yage mata ciki, likitar dabbobi da ta zo ta ce babu abin yi sai a hutar da ita. Sauran ɓarnar a hankali ta riƙa zuwa. Litinin biyu suka yi ɓari, Talata uku, Laraba ɗaya. Kowace safiya Darlene takan shiga da tsohon buhun abinci ta kwashe 'yan raguna da suka riga suka yi gashi, saura mako biyu su sha iskar duniya.

Ɗan sandan gunduma da ya zo, wani dogo mai suna Renfro, ya rubuta komai a littafinsa, ya dubi gawar tumakin ya girgiza kai.

"Madam, kin ga lambarsa?"

"Lamba? Abin yana gudu kamar harsashi ka ce in karanta lamba?"

"Ba da ido ba." Ya nuna mata wayarsa. "Doka ta ce kowane irin wannan jirgi ya riƙa watsa lambarsa a iska, da wurin da mai tuƙa shi yake tsaye. Kamar lambar mota dai. Da waya ake kamawa. Sai dai akwai filayen da gwamnati ta keɓe, waɗanda a cikinsu ba a bukatar haka. Filin tsallaken rafin nan ɗaya ne daga ciki."

"To ai ba a filinsu ya kashe mini dabbobi ba. A nawa ne."

"Gaskiya ne. Da ya tsallake iyaka ya karya doka, babu tantama. Amma wa ya karya? Mutum sittin da wani abu ne a kulob ɗin masu tashin jirgi a filin."

"Ka je ka tambaye su mana."

"Na biya ta can kafin in zo. Sun ce ba su ga kowa ba."

Darlene ta dube shi har ya sunkuyar da kai ya rufe littafin.

Filin ba baƙon wuri ba ne a gare ta. Tsohuwar bolar gunduma ce da aka binne aka shuka wa ciyawa, kuma shekara arba'in ke nan tsofaffin garin suna tashin ƙananan jiragensu na katako a can. Ba ta taɓa kai ƙararsu ba. Shugabansu ma Gus Hrabak ne, ƙanin marigayi mijinta, wanda ta samu yana ɗan shekara goma sha biyu lokacin da aka kawo ta gidan iyayensu, tun kafin ta fara kiwo a gonar. Ita ta guge masa rigar da ya sa ranar aurensa.

Asabar da hantsi ta hau a-kori-kurarta ta zagaya ta gada. A bakin ƙofar filin akwai sabon allo fari da ya ce wannan wuri ne da hukumar sufurin jiragen sama ta amince a tashi jirgi ba tare da watsa lamba ba. Ta wuce shi ta faka a kan ciyawar da aka hana fakawa. Tsofaffi kamar goma sha biyu suna ƙarƙashin rumfa da kofi da fanken nan mai rami da ake kira donot, wani yana gasa naman sosej. Da suka gan ta hira ta mutu.

Gus ya taso yana goge hannu da tsumma. "Dar! Yau a filinmu? Zo ki sha kofi."

"Ba kofi ya kawo ni ba. Wa ya tashi jirgi a nan ranar Lahadi da ƙarfe goma sha biyu?"

"Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba. Uwargida Noreen ma ta ce za ta leƙo ki."

"Ban tambaye ka Noreen ba. Kuna da littafin da kowa ke sa hannu in ya shigo, ga shi can a rataye. Miƙo mini."

"Wannan na 'yan kulob ne."

"Na 'yan kulob ne? Gus, ni kake gaya wa haka? Ni da na wanke maka zanin gado kana fitsarin kwance?"

Wani tsoho ya ƙware da kofi. Kunnuwan Gus suka yi ja.

"Ki rage murya, Dar. Wa ya ce daga nan jirgin ya fito? Ko yaro yana iya sayen irinsa a kanti ya tsaya a bakin titi."

"Na kanti da lambarsa yake zuwa, ɗan sanda ya gaya mini. Wannan haɗin hannu ne. Kuma da idona na ga inda ya koma."

Sai wani mutum ya taso daga kujerar naɗewa, ɗan shekara arba'in haka, cikin rigar sanyi mai tsada, tabarau mai allo na tuƙa jirgi rataye a wuyansa. Ta san fuskarsa daga allunan sayar da gidaje da ke kafe a kan hanya. Trent Ballinger, dillalin gidaje. Shi kaɗai ne a wurin gashinsa bai yi fari ba.

"Baiwar Allah, kina da hoto? Kina da shaida?" ya ce yana murmushi. "Don zargi ba tare da hujja ba, shi ma akwai dokarsa. Tumaki kuma, ai ko leda iska ta ɗauko sai su firgita."

"Kai wa ya sa da kai?"

"Ni ne sakatare."

"To sakatare, ka taɓa sa hannu cikin tunkiya ka zaro mataccen ɗa?"

"Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya ɗauki donot.

Darlene ta juya ta bi fuskokin tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda take sayen ciyawa a wurinsa, akwai wanda suke zama layi ɗaya a coci, akwai wanda ya ɗauki makarar Stan. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Gus ya bi ta har mota ya riƙe ƙofar. Ya sassauta murya.

"Ki saurare ni. Shekara guda muka yi muna cike takardu kafin a ba mu wannan izini. In ƙara ta kai sama aka ce jiragenmu suna tsallake iyaka, ana iya janye shi. Ga yarjejeniyar filin da gunduma za ta sabunta cikin watan nan. Ki dubi mutanen can, Dar. Orville shekararsa tamanin da huɗu, matarsa ta rasu, filin nan kaɗai ke fito da shi daga gida. Ki ce ya liƙa wa jirgin da ya sassaƙa da hannunsa na'urar da za ta riƙa shelanta wa duniya inda yake tsaye? Ko wayar zamani ba shi da ita. Rabinsu dainawa za su yi."

"Ashe ka san daga nan ne."

"Ban ce haka ba."

"Sakar mini ƙofa."

Ya saki. Ta ja motar da ƙarfi har tayoyin suka tona musu ciyawa, kuma ba ta yi nadama ba.

Kwana huɗu bayan haka Noreen, matar Gus, ta zo da kwanon taliya da nama a rufe da takardar gwangwani. Ta ajiye a tebur ta ƙi zama. Sai juya zoben hannunta take yi.

"In ya san na zo da wannan, gidan ba zai zaunu ba," ta ce. Ta zaro ƙaramar kwamfutar Gus daga jaka. "Kalanda na shiga dubawa na ci karo da shi. A zauren hirarsu na kulob aka saka."

Bidiyon minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu, daga idon jirgin kansa. Aka taso daga filin, aka bi ta kan rafi, sai ga rufin garkenta. An sa masa kiɗan tseren motoci. Darlene ta ga tumakinta daga sama suna watsewa, ta gane mai baƙin kunnen da ta shayar da kwalba tana jaririya, ta ga lokacin da ta faɗi sauran suka bi ta kanta. A ƙarshe ta ga wata tsohuwa cikin rigar coci shuɗiya tana tsalle da sanda, bakinta a wangale. An maimaita wannan wurin sau uku, an rage masa gudu.

Sunan Trent Ballinger ne a kai. Ya rubuta: "Sabon karen kiwo, ba ya cin abinci." Mutum tara sun sa alamar dariya. A ƙasa Gus ya rubuta: "Goge wannan yanzu, kada ta gani."

Saƙon na ranar Lahadin ne, ƙarfe biyu da minti goma. A daidai lokacin tana durƙushe cikin taɓo tana riƙe da kan tunkiyar da ake yi wa allurar mutuwa.

"Kada ta gani," Darlene ta maimaita. "Bai ce je ka duba ta ba. Bai ce je ka ba ta haƙuri ba."

"Tsoro ne, Dar. Trent ne ya yi musu duk takardun izinin, kuma ɗan kawunsa yana majalisar gunduma. Gus gani yake in ba Trent ba fili."

"Kin ci abinci da shi a tebur ɗaya kwana goma yana sane?"

Noreen ta fashe da kuka. Darlene ba ta rarrashe ta ba. Ta tura bidiyon da hoton hirar zuwa wayarta, ta mayar mata da kwamfutar, ta ce ta gode, ta kuma ce ta tafi da taliyarta.

Da yamma ta kira Gus.

"Na gani," ta ce. "Majalisar gunduma za ta zauna a kan yarjejeniyar filinku ranar Talata ta sama. Ka je wurin Renfro da ƙafarka ka faɗi sunan kafin ranar. Ku kore shi daga kulob. In kun yi haka, ni da shi ne, babu ruwana da filinku."

"Wa ya nuna miki?"

"Wannan ne ya dame ka?"

"Dar, ki ba ni lokaci in yi magana da mutane. Abin ba haka yake da sauƙi ba."

"Kwana shida ne. Allah ma a cikinsu ya yi duniya."

Ta jira. Kowace mota ta ji a kan tsakuwa sai ta leƙa. Ranar Litinin wasiƙa ta zo daga wani lauya, tana gargaɗinta da ta daina ɓata sunan Mista Ballinger. Ta karanta sau biyu a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ta ninke ta sa a aljihu, ta shiga ta fito da rigarta shuɗiya ta goge.

Majalisar tana zama ne a zauren 'yan kwana-kwana, kan kujerun ƙarfe. 'Yan kulob sun cika layi uku da hulunansu iri ɗaya. Gus ya tashi ya yi bayanin shekara arba'in ba tare da haɗari ba, da 'yan makarantar da suke koya wa haɗa jirgi. Aka tafa masa. Shugabar majalisa ta tambaya ko akwai mai magana kafin a kaɗa ƙuri'a.

Darlene ta miƙe. Ba ta iya jawabi ba, ba ta kuma yi niyyar yi ba. Ta miƙa wa magatakarda wayarta ta ce a haska a bango.

Kiɗan ya cika zauren. Da aka zo wurin tsohuwa mai sanda, mutane suka dubi bango suka dubi rigar da ke jikinta. Sai hoton hirar ya fito, da sunaye tara, da na Gus a ƙasa.

"Uku sun mutu a ranar, shida sun yi ɓari," ta ce. "An ce mini jirgin ba shi da lamba don gwamnati ta yarda da mutanen nan. Ta ce ku manya ne, kun san juna, za ku tsare kanku, ba sai an sa muku alama ba. To ga yadda suka tsare. Kai Dale, da kake sayar mini da ciyawa, dariyar me ka yi? Kai fa Walt, da muke zama layi ɗaya a coci? Rigar ce ta ba ka dariya ko gudun?"

Trent ya miƙe ya ce wannan hira ce ta sirri, kuma lauyansa zai ji. Wata mata daga baya ta ce masa ya zauna ya rufe wa mutane baki. Tsoho Orville, wanda ba ya cikin zauren hirar don ba shi da wayar, ya juya da kyar ya dubi Gus.

"Ka san da wannan?" ya ce.

Gus ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Ɗan kawun Trent ya ce ba zai kaɗa ƙuri'a ba saboda dangantaka. Sauran huɗu suka ƙi sabunta yarjejeniyar. Ba fili, ba izini, don izinin a kan filin yake. Ƙarshen Afrilu aka sa wa ƙofar kwaɗo, aka cire farin allon.

Darlene ta ɗauka zuciyarta za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Renfro ya kai rahoto, aka ci Trent tara, lauyoyi suka shiga jan magana a kan diyyar tumakin. Shi kuwa ko gezau. Cikin watan Mayu ta wuce shi a bakin wani gidan sayarwa yana ɗaukar hoton rufi da sabon jirgi na kanti, mai lamba, halal ɗinsa, har ya ɗaga mata hannu. Orville kuma aka ce ya raba jiragensa ga jikoki ya koma zaman kujera. A kantin abincin dabbobi wasu suka daina gaishe ta, Dale ya aiko cewa ciyawarsa ta bana duk an riga an kama. Ita aka kashe wa dabbobi, ita kuma ta zama matar da ta rufe wa tsofaffi fili. In ta tuna haka tana zuba wa tumaki ruwa, sai ta ga ta matse tiyo har yatsunta sun yi fari.

Wata Asabar cikin Yuni, tana gyaran shinge a bakin hanya, motar Gus ta tsaya. Bayanta cike da fikafikai a naɗe cikin barguna. Bai kashe injin ba.

"Jihar Ohio za ni," ya ce. "Akwai fili a can. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Kin huta yanzu?"

Ta ajiye filaya. "Ni kake tambaya? Kwana shida na ba ka, Gus. Suna ɗaya kawai za ka faɗa."

"Da kin kai wa Renfro bidiyon a ɓoye, da Trent kaɗai zai sha. Sai da kika tara gari kika tsiraita mu."

"Da na kai masa a ɓoye, da har yau kuna can kuna cin donot kuna cewa ba ku ga kowa ba. Su tara suka yi dariya, kai na goma ka ce a ɓoye mini."

"Orville bai yi miki komai ba."

"Bai yi ba. Je ka gaya masa wanda ya sayar da shi don ya tsare dillalin gidaje."

Gus ya dafe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Can ya ce, "Na yi kuskure. Shi ke nan? Abin da kike son ji ke nan?"

"A watan Maris na so jin sa."

Gus ya kawar da kai. Sannan ya sa giya ya hau titi a hankali saboda kayan da ke baya. Darlene ta ɗauki filayar ta kama wayar shingen ta murɗa, ta murɗa, har ta tsinke a hannunta. Ta yi tsaki, ta je ta yanko wata.